Lambobi biyu a kan ƙiyasin tiyatar Baba

Tambaya: Mahaifina ya zo ganinmu a Bronx da ke birnin New York a Amurka, likita ya gano babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura har santimita 6. Ba shi da inshora. Asibitoci biyu sun ba mu ƙiyasin kuɗi, ɗaya ɗauke da lamba 35081, ɗaya 34705, kuma farashin ya sha bamban. In ɗauki mai arahar?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ki dakata da gwada farashi tukuna, domin ba aiki iri ɗaya suka yi miki kuɗinsa ba.

Lambobin nan CPT ake ce musu, Ƙungiyar Likitocin Amurka ke fitar da su tun 1966, kowace tana nuna aikin da likita zai yi. 35081 tiyata ce ta buɗe ciki, a ɗinka bututun yadi a wurin kumburin. A 34705 kuwa ba a buɗe ciki. Ta jijiyoyin matsematsi ake zura bututu mai ƙafa biyu kamar wando, a buɗa shi daga ciki. Mai wannan yakan koma gida da wuri, amma zai riƙa yin hoton jijiyar lokaci-lokaci muddin ransa. Nan hankalina ya fi tsayawa: in Baba ya koma gida, akwai inda za a riƙa yi masa hoton? Wa zai biya? Ki faɗa wa likitan tiyatar wannan ƙarara, domin shi zai duba yanayin jijiyar da ƙarfin zuciyar Baba kafin a zaɓa.

Sai batun takardar. Lambar da ke kanta, aikin likitan tiyata take nunawa. Kuɗin asibiti, na bututun kansa, da na likitan sa barci sukan zo daban, don haka ki tambayi kowane asibiti abin da ƙiyasinsa ya ƙunsa. Tun 2022 dokar Amurka ta ba marar inshora haƙƙin karɓar ƙiyasi a rubuce. Idan kuɗin ƙarshe ya ɗara ƙiyasin da dala 400 ko fiye, kina da kwana 120 ki ƙalubalance shi. Ki adana takardun, ki kuma nemi fom ɗin rangwamen marasa ƙarfi.

Kada ciniki ya ja ku makonni. Daga santimita 5.5 likitoci ke ba maza shawarar tiyata, na Baba ya wuce nan. In ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ciki ko baya, ki kira lambar gaggawa 911 nan take.