Filin Amsa Tambayoyi: Yadda Ƙungiyar NBA Ke Neman Sabon Koci

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan ƙwallon kwando na Amurka, wato gasar NBA, musamman batun sallamar masu horarwa da ɗaukar sababbi. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. A 2025 New York Knicks ta kori Tom Thibodeau bayan ya kai ta wasan ƙarshe na yankin Gabas, sannan ta yi kusan wata guda ba ta da koci. Ƙungiya mai kuɗi haka, me ya hana ta ɗauko wanda take so nan take? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba kuɗi ne ya hana ba. Ƙa'idar iyakance albashi ta NBA 'yan wasa kaɗai ta shafa, koci kuwa mai ƙungiya na iya ba shi duk abin da ransa ya so. Abin da ya ɗaure Knicks shi ne kwantiragin wasu.

An sallami Thibodeau a farkon Yuni, bayan Indiana ta fitar da su daga zagayen da rabon Knicks da shi tun 2000. Laifin da aka fi ɗora masa shi ne yana tatse 'yan wasa biyar na farko, benci kuma yana zaune yana kallo. Daga nan Knicks ta shiga neman masu horarwar da ke bakin aiki a wasu ƙungiyoyin: Jason Kidd na Dallas, Ime Udoka na Houston, Chris Finch na Minnesota, Quin Snyder na Atlanta, da Billy Donovan na Chicago. A dokar gasar, kocin da ke da kwantiragi ba a zama da shi sai ƙungiyarsa ta ba da izini, wanda ya zagaya ta bayan fage kuma tara ce ke jiransa. Duka biyar ɗin aka ce a'a.

Akan samu izinin wani lokaci, amma da diyya, kuma diyyar galibi gurbi ne a zaɓen sababbin 'yan wasa. A 2013 Clippers ta ba Boston gurbin zagayen farko kafin ta saki Doc Rivers. A 2014 Milwaukee ta ba Brooklyn gurabe biyu na zagaye na biyu saboda Kidd. A duka biyun, zaman kocin da ƙungiyarsa ya riga ya zo ƙarshe. Houston da Minnesota kuwa suna tashe a lokacin, don me za su saki nasu?

A ganinmu sakin na hannu ne, kamun na guje. Ƙungiya mai lissafi takan ji ta bakin wakilan masu horarwa a asirce, ta san wa za ta iya samu, kafin ta sanar da kora. Daga baya Knicks ta koma kan waɗanda ba su da aiki, ta ɗauki Mike Brown a Yuli. Masu bin D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, sun san shi, shi ne ya jagoranci Najeriya ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a 2021, kafin gasar Olamfik ta Tokyo.

Tambaya: Wai me ake tambayar koci a ganawar ɗaukar aiki? Mutumin da kowa ya ga wasanninsa a talabijin, me ya rage a tambaye shi? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Da sauran tambaya, Malam, domin abin da ya yi da 'yan wasan wasu ba shi ne zai yi da naka ba.

Shugaban sashen ƙwallo ko babban manaja ne ke jan ragamar neman. Yakan fara da dogon jerin sunaye: tsofaffin masu horarwa da ke zaune, mataimaka a wasu ƙungiyoyin, wani lokaci da na jami'a. Zagayen farko sau da yawa ta bidiyo ake yi. Waɗanda suka tsallake, mutum biyu ko uku, su ake kira gaba da gaba, mai ƙungiya kuma sai a ƙarshe yake shigowa. Lokaci na matsa musu: ana gama wasanni 82 na kaka a tsakiyar Afrilu, zaɓen sababbin 'yan wasa a ƙarshen Yuni yake, kasuwar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare na biye da shi, sai gasar matasa ta Las Vegas a Yuli. Wanda bai naɗa koci kafin nan ba, zai sayi 'yan wasa bai san salon da za su buga ba.

A cikin ɗakin, abu na farko shi ne rabon mintuna. Wasa minti 48 ne, mutum biyar a fili, ke nan minti 240. Sai a miƙa masa sunayen 'yan wasan ƙungiyar a ce ya raba. Nan take ake gane wanda ya yi nazari, don idan ya ba tauraro 36, ya ba sauran huɗun sama da talatin-talatin, abin da ya rage wa benci ba zai raini matashin da ƙungiya ta zuba wa ido ba. Sai tsaro: idan dogon ɗan wasan abokan hamayya ya tsaya ya yi wa mai riƙe da ƙwallo shinge, me naka dogon zai yi? Ya ja baya ya tsare kwando, ya fito su yi wa mai ƙwallon taron dangi, ko su yi musayar wanda kowa ke gadi? Kowace amsa tana da irin ɗan wasan da take buƙata. Akan kuma ba shi allo da alƙalami a ce saura daƙiƙa huɗu, ana bin ku maki biyu, ƙwallo na gefen fili, zana mana.

Tambayar da ta fi kayar da mutane ita ce ta mataimaka: wa da wa za ka zo da su, kuma sun amince? Sabon koci da bai taɓa riƙe ƙungiya ba akan so a ga tsohon hannu a gefensa. Bayan ya fita, sai waya ta fara aiki. Ana kiran 'yan wasan da ya taɓa horarwa, har da masu kula da lafiyarsu da masu yanka bidiyo, don su suka san halinsa ranar da aka sha kashi huɗu a jere.

Tambaya: Idan aka kori koci saura shekaru a kwantiraginsa, wa ke biyansa? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ƙungiyar da ta kore shi, Hajiya. Detroit ta ba Monty Williams shekara shida kan dala miliyan 78.5 a 2023. Ya ci wasa 14, ya sha kashi 68, ciki har da 28 a jere, aka sallame shi bayan kaka ɗaya da bashin kusan dala miliyan 65 a wuyan ƙungiyar. Yawancin kwantiragi na da sharaɗin cewa idan kocin ya samu wani aikin, za a cire sabon albashinsa daga abin da tsohuwar ƙungiyar ke biya. Shi ya sa wasu ba sa gaggawar komawa benci.

Tambaya: Ni ina ganin a tambayi tauraron ƙungiya kawai wanda yake so, a huta. Ko kuwa babban suna ya fi? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Jin ta bakin tauraro wajibi ne, Malam, amma bar masa zaɓin kacokan ganganci ne. A 2023 Milwaukee ta ɗauki Adrian Griffin, rahotanni kuma sun ce da goyon bayan tauraronta, Giannis Antetokounmpo. Tun kafin a fara kaka gogaggen mataimakinsa, Terry Stotts, ya ajiye aiki. Griffin ya zo da tsaro na matsa lamba wanda ya janye dogon ɗan wasansu, Brook Lopez, daga gindin kwando, inda nan ne ƙarfinsa yake, har manyan 'yan wasan suka nemi a koma tsohon tsari. A Janairun 2024 aka kore shi, alhali ya ci wasa 30, an ci shi 13 kacal. Salonsa bai dace da mutanen da ke hannunsa ba, abin da tambayar shingen nan ya kamata ta tono tun a ɗakin ganawa.

Babban suna ma ba tabbas. A 2024 Lakers ta bi Dan Hurley, wanda ya ci kofin jami'o'i sau biyu a jere da UConn, wato jami'ar Connecticut, da tayin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 70 a shekara shida. Ya ƙi, sai ta koma kan JJ Redick, tsohon ɗan wasa mai sharhi a talabijin wanda bai taɓa horar da ƙwararru ba. Ko da Hurley ya zo, da aiki a gabansa: a jami'a wasa minti 40 ne, koci ne sarki, a NBA kuwa akwai ɗan wasan da albashinsa ya ninka na koci sau da yawa. John Beilein ya baro Michigan zuwa Cleveland a 2019, bai ƙarasa kaka ɗaya ba.

Wani lokaci mutumin yana cikin gida. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin, ya sallami kocinta Dwane Casey a 2018 bayan nasara 59, a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci, saboda Cleveland ta sake share su a zagayen fidda gwani. Ya gana da na waje, sannan ya ɗaga mataimakin Casey, Nick Nurse, wanda ya shekara biyar a bencin kuma shi ya gyara musu salon kai hari. Ujiri ya ƙara masa da tauraron ɗan wasa Kawhi Leonard a wannan bazarar, Toronto ta ɗauki kofin 2019.