Daga Tekken 7 zuwa Tekken 8: wasan aka lalata ko hannu ne bai saba ba?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Daga unguwar Ali Ɗan Sofo nake, nan Maradi. Shekara huɗu ina buga Tekken 7, wasan bidiyo na faɗa, a ɗakin wasan da muke zuwa ba mai ja da ni. Da aka kawo PS5 da Tekken 8, sai yaran da ba su yi wata uku da riƙe manet ba suka fara kayar da ni. Gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu: ni na ce an lalata wasan, abokaina sun ce ni ne na gaza. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka ji a hannunka gaskiya ne, ba zafin kaye ke sa ka magana ba. Tekken 7, wanda ya shigo gidaje a 2017, wasan mai haƙuri ne. Ka ja da baya, ka ƙara ja, ka bar abokin karawa ya kai naushi a iska, sannan ka ɗaga shi sama ka zuba masa kombo, wato jerin bugu ba tsayawa. Tarewa kusan ba ta cin ka komai. Da wannan salon gwanayen Koriya ta Kudu irin su Knee suka daɗe suna jan zarensu.

Da Tekken 8 ya fito a Janairun 2024, kamfanin Bandai Namco da bakinsa ya ce farmaki yake so. Abin da ya zo da shi shi ne Heat, wani yanayi na ƙarin ƙarfin hari. Sau ɗaya kowa ke kunna shi a kowane turmi, yana ɗaukar daƙiƙa 10, ko 15 idan wani bugu na musamman ne ya kunna shi. A wannan ɗan lokacin, ko ka tare bugun wanda ya kunna shi sai jininka, wato ma'aunin ranka a wasan, ya ragu. Jinin da ya tafi haka ana iya maido da shi, amma fa sai ka kai hari kai ma. Ka ga ke nan tsayawa ana tarewa ya zama cin bashi. Na zauna bayan wani gwanin Tekken 7 ina kallon babban yatsansa: manne yake da maɓallin baya, shayinsa ya huce a gefe, yaron da ke dukansa bai ma san sunan bugun da yake yi ba, jini kuwa sai zarewa yake kaɗan-kaɗan. Ba wai bai iya ba ne. Hannunsa na bin tsohuwar doka a sabon fili, kuma abin ya taɓa ni, don na san daren da ya ɓata kafin hannun ya kai haka.

Amma ka saurari abokanka ma. Arslan Ash, ɗan Lahore ta Pakistan, ya ci Evo, babbar gasar wasannin faɗa ta duniya, a Las Vegas da Tekken 7 a 2019 da 2023, ya dawo ya ci ta da Tekken 8 a 2024 da 2025. Da a ce sabon wasan caca ne zalla, da mutum ɗaya bai yi haka ba. Ginshiƙin bai motsa ba: wasan na tafiya da firem, wato hoto, 60 a daƙiƙa, naushi mafi sauri na yawancin mayaƙan cikin wasan firem 10 ne, bugun ɗagawa sama kuma galibi 15. Wanda ya san bugun da ke barin mai shi a buɗe, ya san tazara, ya iya karanta zuciyar abokin karawa, da jarinsa ya shigo.

An taɓa yin irin wannan a wani wasan faɗa, Street Fighter. A Evo ta 2004 Daigo Umehara na Japan ya kaɗe bugu 15 a jere na Justin Wong da jini saura ƙiris. Da Street Fighter IV ya zo aka cire wannan dabara daga tsarin wasan, aka yi ta ƙorafi, Daigo kuwa ya ci Evo da sabon wasan a 2009 da 2010.

Inda nake bayanka ɗari bisa ɗari shi ne nan: idan hari ya yi arha da yawa, karatun abokin karawa na raguwa, canki-canka na ƙaruwa, kuma a gajeren wasa mai sa'a na iya kayar da gwani. Ba ku kaɗai kuka ga haka ba. Sauye-sauyen zango na biyu na Tekken 8 da aka saki a bazarar 2025 sun ƙara wa hari ƙarfi har manyan 'yan wasa suka tayar da jijiyar wuya, kamfanin ya amsa ya yi ta fitar da gyara. Ni a ganina sun wuce gona da iri a lokacin.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi shafar mu a Maradi. Na'urar da ba ta hawa intanet tana nan kan tsohon zubi, ta wata unguwa kuma an sabunta ta, bugu ɗaya amma lissafinsa daban. Kafin ku haɗa gasa ku duba lambar zubin, ku yarda a kan ɗaya. Ku kuma tsawaita karawar, wanda ya fara cin wasa 5 ko 10, a nan ne za ka ga ko yaran nan sun fi ka.

Kai kuma ka shiga wurin sake kallon wasanninka. Tekken 8 na barin ka karɓi manet a tsakiyar wasan da aka riga aka buga, ka koma daidai inda aka kunna maka Heat, ka gwada goce wa gefe ko mayar da naushi maimakon ja da baya. Ka ɗauki mayaƙi ɗaya cikin mayaƙan wasan da ke damun ka, ka ba shi sati guda.