Dalilin da ya sa jan fure yake fitowa baƙi a tsofaffin hotunan gilashi

Malam, ka tambayi abin da ya sa jajayen furanni da masu ruwan ɗorawa suke fitowa baƙi ƙirin a hotunan gilashin da gidajen tarihi ke adanawa. Matsalar daga sinadarin da aka shafa wa gilashin don ɗaukar hoto take, wato kolodiyo. Kolodiyon da Frederick Scott Archer ya fito da shi a Ingila a 1851 hasken shuɗi yake kamawa, shi ya sa shuɗin sama yake fitowa fari fat, ja kuwa ya koma duhu. Sai a 1873 Bajamushe Hermann Vogel ya gano cewa ƙara rini a cikin sinadarin yana sa shi kama kore da rawaya, amma gilashin da ke kama ja sosai bai wadata a kasuwa ba sai wajen 1906.