Cingam a Gilashin Taga, da Tsohon Puti da Ya Ƙi Fita

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun manna cingam a gilashin tagar falo har wuri uku, rana ta narkar da shi. Na sa soson ƙarfe, sai ma ya ƙara yaɗuwa. Mai shago ya ce in sayi feshin WD-40, wato man sassauta tsatsa, maƙwabciyata kuma ta ce tina, ruwan nan na tsinka fenti. Wanne zan saya? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye kuɗinki tukuna, ki kuma mayar da soson nan kicin. Cingam zai fita, amma karcen da soso mai kaushi ya yi wa gilashi ya zauna ke nan.

Cingam ɗin yau galibi roba ce aka haɗa da sukari da ƙamshi. Shi ya sa ruwa da omo ba sa narkar da shi, zafi kuma yana ƙara masa danƙo. Maganinsa sanyi. Ki samo fiya wata guda da ta daskare ta zama ƙanƙara, ki danna ta a kansa kamar minti biyar zuwa goma, har ki ji ya yi tauri in kin ƙwanƙwasa da farce. Sai ki sa bakin tsohon katin ATM ki ɗaga shi daga gefe. Sau da yawa ɓallewa yake yi ɗungurungum. Ki yi wannan da sassafe kafin rana ta dafa gilashin, domin ɗora ƙanƙara a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi.

Ɗan danƙon da ya rage, ɗigon man gyaɗa ya ishe shi. Ki shafa, ki ba shi 'yan mintuna, ki goge da tsumma, sannan ki bi da ruwan sabulu. WD-40 ma yana wannan aikin, ba ƙarya mai shagon ya yi ba, sai dai ban ga dalilin sayen gwangwani guda saboda cingam uku ba. Tina kuwa ki bar ta: tana cin fentin firam, tana lalata robar da ke riƙe gilashi, ga warinta a ɗakin da yara suke kwana.

Tambaya: Malam, gidanmu na gado ne, tagoginsa irin na ƙarfen nan na da. Putin da ke riƙe gilasan ya bushe kamar dutse, wani wurin ya fara zuba. Ina so in cire in sa sabo ba tare da na fasa gilashin ba. In sayi na'urar hura zafi ne? (Wani magidanci daga Jos)

Amsa: Alhaji, naka akasin na Hajiya ne, shi puti zafi yake so. Asalinsa garin alli ne da aka kwaɓa da man irin wani tsiro da ake kira flakis, man nan shi ke bushewa a hankali tsawon shekaru har abin ya koma kamar siminti. Zafi yana sassauta shi.

Amma na'urar hura zafi ta masu fenti tana kaiwa digiri 500 a ma'aunin Celsius ko fiye, kuma gilashi ba ya jure a gasa gefe ɗaya, ɗayan yana sanyi. Ƙas! za ka ji, shi ke nan. In tagogin ba su da yawa, ka ari na'urar busar da gashi. Tana da jinkiri, amma ba ta cika yin ɓarna ba. Ka riƙa yawo da ita a kan putin, kar ka tsaya wuri ɗaya, kana bi da bakin wuƙar puti ko siririn kurfi, kana turawa ta jikin ƙarfen, ba ta jikin gilashin ba. Inda ya riga ya tsattsage, fara daga can. Ka kula, a ƙarƙashinsa akan tarar da ƙananan mariƙai na waya da ke danne gilashin. Kar ka zubar da su.

Abin da ya fi damuna shi ne fentin da ke kan putin. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, kuma mun ga abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Kada ka goge shi da samfefa a bushe, kada ka ƙona shi. Ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka rufe hanci, yara su yi nisa, in ka gama ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Guntayen da suka maƙale a fuskar gilashi, sabuwar reza ce aikinsu. Ka jiƙa wurin da ruwan sabulu, ka kwantar da rezar sosai, ka tura gaba kawai. Mai tsatsa ko mai giɓi ita ke zane. In gilashin mai ledar duhu ne da aka manna, reza ba ta taɓa shi sam.

Bayan ka sa sabon puti za ka ga shatin yatsu na maiƙo. Ka barbaɗa garin alli, ka kaɗe da busasshen buroshi mai laushi. Fenti kuma sai putin ya yi fata, ka ba shi mako biyu.