Bokolo, Tozo da Saniyar Ware: Amsoshin Masu Karatu

Daga Wurno: Malam, Bokolo da Gudali abu ɗaya ne?

A ƙasar Sakkwato irin shanu ɗaya ne. Sai dai sunan Gudali ya fi faɗi, don Adamawa ma tana da nata, shi ya sa masana dabbobi ke cewa Gudalin Sakkwato. Bokoloji kuwa jam'i ne na Fulatanci, irin "-ji" ɗin nan na Bunaji da Rahaji, su ma irin shanu ne. Don haka "na sayi Bokoloji ɗaya" ba ta zauna ba, ko da yake ta cika baki.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran yanzu da duk farin sa suka gani sai su ce Bokolo. Fari kaɗai ba ya yin Bokolo. Bunaji ma fari ne. A fara duba ƙaho: na Bokolo gajere ne ƙwarai, wani ma sai ka matsa za ka gan shi, na Bunaji kuwa ya miƙe ya buɗe sama. Sannan fatar wuya, mai yawa tana reto har ƙirji, ga ta cibiya ita ma a sake. Kunnuwa sun ɗan faɗo, ƙafafu gajeru, ƙirji mai faɗi, gashi gajere, fari ko ruwan toka, bajimin kan yi duhu a kafaɗa. Ga sanyin hali, abin da ya sa manoma ke ɗaura masa garma da amalanke, masu turka kuma ke son sa don yana aje nama. Amma ba ya jure sammore; a kai shi inda tsando ya yi yawa, sai rama. Rahaji kuwa ja ne mai dogayen ƙahoni da dogayen ƙafafu, ɗan tafiyar nesa, kuma ba ya son turke.

Daga Bodinga: Tozo kitse ne zalla?

A'a, nama ne da kitse ya ratsa, shi ya sa mahauta ke ware shi da tsada. Kuma ma'auni ne: sa mai ƙoshi tozonsa a tsaye yake, cike, idan rani ya ci shi sai tozon ya saki. Dillali kan nuna maka tozo don ka manta da baki. Buɗe bakin, haƙora ke nuna shekaru. Sa ba shi da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Manyan biyu na farko kan fito wajen shekara 2, takwas ɗin su cika wajen shekara 4 zuwa 5. In za ka turke shi, fara da maganin tsutsa, sannan harawa, ka riƙa ƙara dusa da angurya kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba dusa da yawa rana ɗaya, kumburin ciki da zawo zai gani.

Daga Illela: Karsana da maraƙa fa?

Maraƙa ƙarama ce, ta kusa da nono. Karsana ta tasa amma ba ta haihu ba.

Daga Tambuwal: "Saniyar ware" yabo ne?

Ba yabo ba ne. Wadda aka fitar daga garke ce, ana faɗin ta ga mutumin da 'yan'uwansa suka yi watsi da shi. Masu amfani da ita da nufin "fitacce" su daina.