Amsa Ga Yaya Alhaji Kafin Ya Taso Zuwa Tokyo

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da mutanen kasuwa baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, ina kuma taya ka murnar fitowar biza. Tunda ka ce abokan kasuwancinka na Ƙofar Ruwa su ma suna da irin tambayoyin nan, na ga gara in rubuta amsar a inda kowa zai gani.

Bari in fara da wadda na ji ta fi ci maka rai. Ka ce da na ambaci kama maka ɗaki a otal sai jikinka ya yi sanyi, har kake tambaya ko mu ma mun zama Japanawa ne, ɗan'uwa ya keto duniya a kai shi masaukin kuɗi. Wallahi ba gudun baƙo ba ne. Gidan da nake haya a Saitama, arewa da Tokyo, ɗaki biyu ne da ɗan wurin girki. A nan da tabarma ake auna ɗaki, wata tabarmarsu mai kauri da ake kira tatami, kuma ɗakin da ya ci shida shi ne na mai rufin asiri: in ka shimfiɗa katifa biyu, wurin sallaya ne kawai zai rage. Wannan ma da sauƙi, ai mun sha kwana a cunkushe a zauren Baba. Inda gizo ke saƙar shi ne takardar haya. An rubuta sunan duk wanda zai zauna a gidan, kuma kafin baƙo irinmu ya samu gidan haya sai ya sha yawo, don masu gidaje da yawa da dillali ya ce musu ɗan wata ƙasa ne, tun a waya suke cewa a'a. In an dace, ka biya kuɗin ajiya, ka biya la'adar dillali, ka biya kamfanin da zai tsaya maka, wani wurin har da kuɗin godiya ga mai gida, na wata ɗaya ko biyu, wanda ba ya dawowa.

Ga bango siriri, tari ma ana ji. Maƙwabcinka kuwa in ka dame shi ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, ba zai ɗaure maka fuska ba, gobe ma zai sunkuyar da kai ya gaishe ka a matakala. Kamfanin da ke kula da ginin zai kira. Bayan kwana biyu sai kowa ya tarar da takarda a akwatin wasiƙarsa, cikin ladabi, ba sunan kowa, ana roƙon mazauna su rage murya da dare. Kowa kuma ya san da wa ake. To Yaya ka tuna Japan ta riga Najeriya da awa 8. Lokacin da yaran shagonka za su fara kiranka a kan cinikin la'asar, ƙarfe huɗu a Kano, nan sha biyun dare ne, ni da kai kuwa mun san yadda muryarka take in an ce maka an sayar da inji ƙasa da kuɗinsa. In takardar nan ta fito sau biyu sau uku, ba ni kaɗai abin zai shafa ba. Ɗalibin da zai zo baɗi neman ɗaki a ginin nan, shi za a ce wa babu. Ba mu da yawa a ƙasar nan, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Abinci dai a gidana za ka ci, wannan ba sai an faɗa ba.

Ka tambayi ko akwai zango irin wanda ka gani a Kumasi. Babu unguwar Hausawa, a warwatse muke. Yawancin 'yan Najeriyan da ke Japan mutanen kudu ne. Namu kuwa wasu ɗalibai ne da suka zo da tallafin gwamnatin Japan, ko ta shirin ABE da Firaminista Shinzo Abe ya sanar a taron TICAD, na Japan da ƙasashen Afirka, a 2013 a Yokohama. Wasu suna masana'antu, wasu suna harkar kayan mota a Saitama da Chiba da Ibaraki. In ka haɗa da 'yan'uwanmu na Nijar da 'yan zangon Gana, sai a tashi sahu mai ɗan kyau. An ce zumunta a ƙafa take, to a nan sai an haɗa mata da kalanda. Ba wanda zai yi maka sallama a ƙofa ba zato. Mutum yana wurin aiki tun safe, tsakaninku tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, don haka tun farkon mako ake sa rana a WhatsApp, yawanci Lahadi. Kada ka ji haushi in ka ce wa wani ga ka nan zuwa, ya ce bari ya duba.

Da za ka halarci suna a nan da ka yi dariya. Zauren taro na unguwa muke kamawa, wanda hukumar gari ke bayarwa haya da awa. An rubuta a takarda ƙarfe nawa za mu shiga, ƙarfe nawa za mu fita. Takalma a jere a bakin ƙofa, kowanne ya kalli waje. Mata su zo da tukwane a cikin jakar matafiya, sun jawo su ta tashoshi uku. Ba maroƙi, ba sanƙira, ba kalangu. Malam ya yi addu'a, a sanar da suna, a kira gida ta bidiyo a nuna mana ragon da aka yanka a can. Saura rabin awa lokaci ya cika sai ka ga manyan mutane da babbar riga sun naɗe hannu, wannan yana goge tebur, wancan yana ware robar lemo daban, gwangwani daban, a ƙulle shara kowa ya ɗauki tasa zuwa gida. Dattijon da ke riƙe da makulli ya zo ya duba, mu yi masa godiya, ya yi mana. Da farko abin yana yi mini kamar ba a yi suna ba. Yanzu kam ina ganin an yi, tunda an ci an sha an yi addu'a, kuma in mun sake neman zauren za a ba mu.

Maganar salla, ka sa agogon salla a wayarka tun daga gida, don ba za ka ji ladan ba. Yawancin masallatai daga ciki ake kira. Lokutan ma za su ruɗa ka: a watan Yuni asuba tana yi tun kafin ƙarfe uku, a Disamba kuma wajen huɗu da rabi an yi magariba. Kada kuma sabo ya sa ka fuskanci mafitar rana, alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa. Juma'a ranar aiki ce kamar kowace rana, mai aikin masana'anta sai ya yi musanyen lokaci da wani kafin ya samu. Zan kai ka masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara. Musulmin Tatar da suka baro Rasha bayan juyin juya hali su suka gina na farko a 1938, aka rushe shi a 1986 da ya tsufa, aka buɗe na yanzu a 2000 da taimakon Turkiyya. Kyakkyawa ne ƙwarai. Amma irin masallatan da muke zuwa kullum, kamar na Otsuka, ƙananan benaye ne da aka saya da kuɗin karo-karo, mu da 'yan Pakistan da Bangaladash da Indunusiya. Ranar idi kashi-kashi ake yin salla, ga matasa a waje suna roƙon jama'a kada su tsaya gaisawa a kan titi. Layya kuwa ka riga ka san amsar, tunda kai nake turo wa kuɗin rago kowace shekara. A nan yanka na mayanka ne mai lasisi, ba a kayar da dabba a ƙofar gida.

Akwai wadda ba ka tambaya ba, amma ita ta fi haɗa kanmu. Japanawa ƙona gawa suke yi, fiye da kashi 99 cikin 100. Maƙabartun Musulmi a duk ƙasar 'yan kaɗan ne, wadda aka fi sani tana Enzan a Yamanashi, a filin da ke jikin wani wurin ibadar 'yan Buda. Kabari da tsada, mayar da gawa gida ya fi tsada. Shi ya sa in aka yi rashi, wanda ko gaisuwa ba kwa yi sai ka ga kuɗinsa ya shigo kafin gari ya waye, wani ya bar aiki ya tsaya a asibiti don kada a yi wa ɗan'uwa abin da ba namu ba. Duk baƙon da ya zo muna sa shi ya ajiye lambar ɗayanmu a aljihu tare da fasfo. Kai ma haka za ka yi. Fasfon ma doka ce ya kasance a jikinka kullum, ɗan sanda yana iya tsayar da kai ya tambaya. Ka miƙa masa kawai, ba gardama, ba kuma na goro.

Yanzu abinci. Don Allah ka ba Hajiya haƙuri, kilishi da dambun naman da take shiryawa su tsaya a Kano. An hana shigo da nama kowane iri, busasshe ko ɗanye, akwai karnuka masu sansana jaka a wurin ɗaukar kaya, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3. Kuka da yaji dai muna so, ka bayyana su a wurin jami'ai su duba. Ba za ka rasa tuwo ba. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, tuƙa ta ba wahala. Kuɓewa tana nan a kowane kanti, lalo ma haka da bazara. Suna da wani wake da suke ruɓarwa, natto, mai yauƙi da wari, baƙi da yawa gudunsa suke, mu kuwa uwargida ta mayar da shi daddawa. Naman halal a Shin-Okubo muke saye, akwai wani lungu can da shagunan Musulmi suka cika. Hatsarin yana waje. Miyar taliyarsu ta ramen galibi da ƙashin alade ake dafa ta, kuma suna zuba wata barasar shinkafa mai zaƙi a girki kamar yadda muke sa magi. Ka haddace alamun nan biyu a jikin leda: 豚 alade ne, 酒 barasa. A kan wannan kowa da inda ya tsaya, wani kifi da shinkafa kawai yake ci a waje, wani ko biskit sai ya karanta bayansa, ba ma kuma tsangwamar juna.

Ranar da ka sauka zan tare ka a filin jirgin Narita, da ɗan nisa daga gari, kimanin kilomita 60. Zan saya maka katin Suica, da shi za ka shiga jirgi da bas. Ka riƙe layin Yamanote, zagaye yake yi, tasha 30, cikin kamar awa ɗaya ya dawo inda ya fara, in ka ɓata ka zauna kawai. Tashar Shinjuku kada ka shige ta kai kaɗai tukuna, mutum wajen miliyan 3 ke bi ta cikinta kullum. Ba a amsa waya a cikin jirgi. In wayarka ta kwarma ihu da kanta gargaɗin girgizar ƙasa ne, ka kare kanka kada ka ruga waje.

Kasuwar tsofaffin motoci da ta kawo ka kuwa, dalilin araharsu a nan shi ne gwajin mota da ake kira shaken: sabuwa bayan shekara 3, daga nan duk shekara 2, kuma da tsada, sai mutum ya ga gara ya rabu da motar da ba ta ko jigata ba. Gwanjon motoci irin na kamfanin USS a garin Noda sai ɗan ƙungiya ke saye, don haka ta hannun wani za mu bi. A wuraren 'yan Pakistan na Yashio kana iya tayi yadda ka saba. In Bajapane ne, ka isa minti goma kafin lokaci, ka karɓi katinsa da hannu biyu, in kuma ya ja iska ta haƙora ya ce abin da wuya, to ya ƙi ke nan, kada ka ƙara matsawa.

Labarin Kisarazu da ka ce yaran kasuwa suna yi, wai an ba 'yan Najeriya gari da biza ta musamman, ka gaya musu babu shi. A watan Agusta na 2025 hukumar JICA, ta gwamnatin Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, ta haɗa garin da Najeriya don musayar al'adu, aka yaɗa cewa biza ce, gwamnatin Japan ta ƙaryata, mutanen gari suka yi ca, a watan Satumba aka soke shirin. Duk wanda ya ce a biya shi ya kawo mutum ta wannan hanya ɗan damfara ne. Taka bizar ma ta ziyara ce, ba a aiki da ita.

Sai yara. Za su durƙusa su gaishe ka, amma in hira ta yi nisa Japananci za su koma, kada ka yi musu faɗa a ranar farko. Suna karatun allo ta waya da wani malami a Kano, ƙarshen mako. Babbar ta ce a gaya maka ta haddace izu biyu, tana jiran tukwici, kuma wai naira take so ta nuna wa 'yan ajinsu. Ka turo mini lambar jirgi da ranar sauka, ka kuma taho da takalmin da ba shi da igiya, don sau da yawa za ka cire shi a rana. A gaida Hajiya da kowa da kowa. Allah ya kawo ka lafiya.