Ƙanwata, ni ma na taɓa tsayawa gaban turke babu akuya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata mai tambaya, kin ce shekara uku kina kiwon awaki ba ki ga abin da kika tara ba, kina son jin me ke sa mu muke ta ƙara gyara kiwonmu, ko kuwa ki sayar da su ki huta. Wallahi ina karantawa idona ya kawo ruwa, kamar da bakina kika yi magana.

Ni dai baƙin ciki ne ya tashe ni tsaye, neman riba daga baya ya zo. Da kuɗin asusunmu na Mata Masu Dubara na sayi jar akuyata ta farko. Ba ta taɓa haifa mini ɗaya ba, kullum tagwaye, har na kai awaki 9. Sai kwaɗayi ya ja ni wata kasuwar ƙauye in ƙaro ta goma. Dillalin da ya tare ni abokin marigayi maigidana ne, mutumin da ya sha furata ba adadi. "Yaya, wannan ke na ajiye wa, ciki ma gare ta." Ashe ya goge mata hanci da ido kafin in iso. Na biya, na ba shi la'adarsa, na kawo ta na ɗaure cikin sauran a daren nan.

Kwana huɗu sai majina, sai zawo, sai gyambo a baki. Ba a yi sati biyu ba 7 suka mutu. Uwar garken a cinyata ta cika da asuba, ina ɗura mata ruwan kanwa tana kallona. Kuɗin lakwal ɗin yarana ne kwance a ƙasa, da gadon ɗiyata da na yi niyyar saya bayan kaka. Na koma wurinsa, ko kuɗina ban nema ba, so nake kawai ya ce ya yi kuskure. A gaban maza ya ce mini, "Ciniki ya riga ya faɗa, Yaya, dabba ai rai gare ta." Suka yi dariya. Daga baya na ji har mai akuyar ya ba shi wani abu don ya rabu da ita da sauri, wato ya ci gaba ya ci baya. Har yau in na hange shi a kasuwa ƙirjina sai ya yi zafi. Ya zo gaisuwar mutuwar maigidana fa, ya zauna kan tabarmata ya yi addu'a. Na bar shi da Allah.

Amma ni ma da laifina. Likitan dabbobi da ya zo ya ce PPR ce, wato annobar da ke kama awaki da tumaki, kuma a shekarar masu allurar rigakafi sun zagayo unguwarmu, kyauta, na ɓoye awakina don maƙwabta sun ce allurar na sa ɓari. Don Allah ƙanwata, in sun zo ki fito da su duka. Sabuwar dabba kuwa, ko daga hannun wa ta fito, ki ɗaure ta can gefe sati uku da kwanon ruwanta daban.

Ukun da suka rage da su na sake tashi, na rantse ba za a ƙara yi mini dariya a kasuwa ba. Na koyi buɗe bakin akuya in duba haƙori, in ɗaga wutsiya, in taɓa hantsa. Yanzu sai na zagaya na ji farashi wurin mutum uku kafin in saurari dillali.

Kin ce ba ki ga riba ba. Kina rubutawa? Ni ɗana ke rubuta mini a littafinsa, dusa nawa, harawa nawa, magani nawa. A nan na gane da bazara nake kashe kaina, ina sayen harawa ƙulli-ƙulli lokacin da ta fi tsada. Yanzu da kaka nake saye in jibge bisa ɗaki, yara kuma su tsinto mini ƴaƴan gawo. Wata ribar ma kin riga kin ci ba ki ƙirga ba: nonon da yara suka sha, takin da aka kai gona, ɗan akuyar da kika sayar ranar da aka kwantar da wani a likita.

Ki kula da bunsuru kuma. Kada ki bar kowane na titi ya hau miki awaki, jinin zai gauraye. Ba banza gwamnati ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a nan Maradi ba, fatarta har Turai an san ta. Yana ƙona mini rai yadda muke sakaci da abin da Allah ya ba mu. A 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, masu saye daga Jibiya suka ɗauke ƙafa, naira ma ta faɗi, na ga mata suna ba da awakinsu a wulaƙance. Ni na daure ban sayar ba sai biyu, don ina da abincin ba su a ajiye.

Kada ki sayar duka cikin ɓacin rai. In akwai wadda ba ta haihuwa ko ta tsufa, fitar da ita ki sayi dusa da kuɗin. Faɗa mini nawa ne awakin naki, nawa suka haihu bana, kuma an yi musu allura ko ba a yi ba. In kina cikin gari ki zo ki ga nawa, yanzu 14 ne, in ara miki bunsuruna na wata ɗaya.